Soja Na Waye? Muhawarar Zaure Kan Aikin Soja Da Maganar Ƙabila

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata ko aka naɗa sababbin hafsoshin tsaro, saƙo iri biyu ke cika zauren nan. Wasu su ce a turo mana 'yan Katsina su tsare Katsina, tunda su suka san dajin Rugu. Wasu su ce soja ba ruwanshi da jiha ko ƙabila ko addini, a bar cancanta ta yi aikinta. Yau mu zauna a kai. Ba zagi, ba jifan wata ƙabila, wanda zai yi magana ya zo da hujja.

Lauya, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Mu fara da abin da doka ta ce, don kada mu yi ta musu a kan iska. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera wa soja aiki huɗu. Kare ƙasa daga farmakin waje. Tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama. Murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula su maido da doka idan Shugaban Ƙasa ya kira su, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya ta gindaya. Na huɗu, duk wani aikin da Majalisa ta ɗora masu da doka.

Ku lura da na ukun. Ba a ce aikinsu na kullum ba ne, an ce idan an kira su. Tsaron cikin gida na yau da gobe na 'yan sanda ne, su kuma sashe na 214 ya kafa su. Abin da muke gani a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, soja na tsare kasuwa da rakiyar manoma, aikin agaji ne da ya daɗe har ya zama kamar na gado.

To a cikin wannan sashen dai, ƙaramin sashe na 3 ya ce tarin hafsoshi da ƙananan sojoji ya zama ya nuna fuskar ƙasar baki ɗaya, wato tsarin raba-daidai. Sashe na 219 ma ya ɗora wa Majalisa ta kafa hukumar da za ta sa ido a kan haka. Saboda haka mai cewa babu maganar asali a soja kwata-kwata bai karanta doka ba. Mai cewa a raba soja jiha-jiha shi ma bai karanta ba, don runduna ɗaya aka kafa wa Tarayya.

Tsohon Samanja: Lauya ya faɗi ta takarda, bari in faɗi ta ƙasa. Mafi ƙanƙantar tarin soja shi ne sashe, mutum kamar goma, kofur ke jan su. Sashe uku su ba da filatun, mutum talatin da ɗoriya, ƙarƙashin laftana da saje. Filatun uku su ba da kamfani, kamfanoni su haɗu su ba da bataliya. Duk girman janar, yaƙi a hannun waɗannan goman yake ƙarewa.

In an buɗe masu wuta, rabuwa biyu suke yi. Masu babbar bindiga su kwanta su danne abokin gaba da wuta, sauran su tashi su ruga taki kaɗan su faɗi, sannan su su riƙe wuta waɗancan su matso. Wanda ya miƙe tsaye ya ba da ranshi amana ga wanda ke kwance. Idan a cikin ranshi akwai shakkar cewa wancan ba zai rufa mashi baya ba saboda ba yarensu ɗaya ba, zai yi jinkirin daƙiƙa biyu ko uku, a nan kuma ake mutuwa. Shi ya sa a Daffo ta Zariya, inda ake horar da kurata, cikin wata shidan horo, ake aske kowa, a ba kowa lamba, a gauraya gadaje, laifin mutum ɗaya a hori ɗakin gaba ɗaya. Ana so yaro ya saba cewa ɗan'uwanshi shi ne na kusa da shi a layi.

Kuma ƙabilanci a bariki ba da jawabi yake shigowa ba. Ta takardar gadi yake shigowa. Wa ake ba gadin ƙarfe biyun dare kullum, wa ke samun izinin zuwa gida, wa aka tura kwas, wa ya shekara uku a daji ba a canza shi ba. Samanjan da ya riƙe littafin nan da gaskiya, ya manna shi inda kowa zai gani, ya kashe rabin fitinar.

Malamin Tarihi, Ƙofar Soro: Allah ya ƙara lafiya, Baba Samanja. In ƙara da inda abin ya samo asali, don kasonmu, wato rabon guraben shiga soja tsakanin sassan ƙasa, bai faɗo daga sama ba. Tushen sojan Najeriya ƙungiyar da Baturen Ingila Glover ya tara a Legas ce a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover. Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897. Turawa suna da ra'ayin da suka ɗauko daga Indiya cewa wasu ƙabilu mayaƙa ne, wasu ba mayaƙa ba, sai suka cika ƙananan sahu da mutanen Arewa, har Hausa ta zama harshen bariki shekaru da yawa. Daga nan muka gaji kalmomin saje da kofur da samanja da kurtu. Amma da aka zo ɗaukar hafsoshi baƙar fata, takardar makaranta ake nema, makarantu kuwa sun fi yawa a Kudu. Sai aka wayi gari masu ba da umarni galibi daga wani ɓangare, masu ɗaukar bindiga daga wani.

Wannan ne ya haifi kaso. A 1958 aka sa shi ga ƙananan sojoji, a 1961 aka kai shi ga hafsoshi, zamanin Muhammadu Ribaɗo yana ministan tsaro: Arewa 50 cikin ɗari, Gabas 25, Yamma 25. Shugabannin Arewa suka riƙa bin makarantun sakandare suna kwaɗaitar da ɗalibai. A wannan zubin ne irin su Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka bar makarantar lardi ta Katsina suka shiga soja.

Kason ya gyara ƙofa, amma bai warkar da zato ba. Ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, a cikin soja kuma Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Largema da Pam, da Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde da Laftanar Kanar Unegbe. Ko mene ne nufin masu juyin, jama'a jerin sunayen matattu suka karanta. Ranar 29 ga Yuli aka rama, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan tare da hafsoshi da sojoji 'yan Gabas masu yawa. Wata shida kacal, rundunar mutum kamar dubu goma ta cinye manyanta da hannunta.

Ɗan Batsari: Malam, duk na ji, kuma ban musa ba. Amma ku da ke cikin birni ku dubi namu. Ana kawo yaro daga inda bai taɓa ganin gero ba, ba ya jin Hausa balle Fulatanci. Mai gari ya zo ya ce mashi an ga babura sun taru a bakin rafi kaza, sai an nemo tafinta. Bai san hanyar shanu ba, bai san wace ce ke ɓullewa Zamfara ba. Kafin a kai ɗauki an kwashe mutane. Ɗan gari kuwa uwarshi ce a ƙauyen, ba zai jira ba. Me ya hana a ce duk sojan da ya fito daga Katsina a maido shi birged ta 17 da ke Katsina?

Tsohon Hafsa: Ɗan'uwa, zafin da ke cikin maganarka gaskiya ne, kuma matsalar harshe da ka faɗa babba ce. Amma maganin da ka kawo an taɓa gwada shi. A watan Agustan 1966, don a kwantar da hankali, aka yanke cewa sojoji su koma yankunansu na asali. Abin da ya biyo baya shi ne Gabas ta samu rundunarta a hannu, Yulin 1967 aka shiga yaƙin basasa, ba a fita ba sai Janairun 1970. Ranar da ka tara soja bisa asali, ka ba duk ɗan siyasar wannan yanki rundunar da zai iya kira tashi.

Ko a ƙaramin mataki ga abin da ke lalacewa. Sojan da ke aiki a garinsu, an san gidansu. 'Yan bindiga ba sai sun tare shi ba, ƙanenshi za su ɗauka. Idan an kama mai kai masu fetur ko burodi ya zama ɗan kawunshi ne, dattawa za su cika ƙofar sansani kafin la'asar. Labarin fita sintiri yana zubewa ta waya ba da mugun nufi ba, matar gida ta faɗa wa maƙwabciya cewa yau ba zai kwana ba. Mafi muni kuma, wanda aka kashe wa uba yana riƙe da bindigar gwamnati a gaban rugar da yake zargi. Ba kowa ke iya riƙe hannunshi a wannan halin ba.

Abin da ya kamata a yi da harshe daban ne. A tabbatar kowace filatun da aka girke a nan tana da masu jin Hausa sosai, da aƙalla mai Fulatanci ɗaya, ba dole 'yan jihar ba. Ɗan Bauci ko Adamawa ko Kudancin Kaduna zai yi wannan aikin ba tare da nauyin dangi a wuyanshi ba. 'Yan gari a yi amfani da su a matsayin 'yan jagora, a rubuta sunansu a asirce, a biya su, kada a ba su ikon nuna wa za a harba. In bataliya za ta tashi, wadda za ta gaje ta ta zo su yi mako biyu ko uku tare, a miƙa taswira da sunayen masu gari da tarihin kowace hanya. Inda ake asara shi ne a canza runduna dare ɗaya, sababbin su fara tambayar ina ne Runka.

Jinkirin kai ɗauki kuwa, galibi ba rashin kishi ba ne. Nisan sansani, mota nawa ke tashi a cikin waɗanda ke rubuce, man da ke ciki, rafi ya kawo da damina, rediyo ba ta kaiwa, hanya ɗaya ce tak kuma an san za su bi ta, ga kwanton ɓauna. Su 'yan bindiga a kan babura suke, mutum biyu ko uku kowane, suna ratsa inda motar soja ba ta shiga. Ɗan Katsina ma ka ba shi mota ba mai, a nan zai tsaya.

Ɗan Batsari: Ranka ya daɗe, na karɓi ta 1966. Ta 'yan jagora ce ban gamsu ba. In ba su za su nuna ɓarawo ba, wa zai nuna?

Tsohon Hafsa: Za su kawo labari, amma labari ɗaya ba ya isa a ɗaga bindiga. Ƙa'idar bayanan sirri ita ce a auna mai kawowa daban, a auna labarin daban. Wane ne shi, ya taɓa kawo gaskiya, me zai samu in an kai farmakin? Sannan a nemi tabbaci ta wata kafa da ba ta san ta farko ba, ko sintirin leƙe, ko hoto daga sama, ko wani mutum daga wani gari. Dalili kuwa, a wurin da ake rigimar gona da burtali da bashin jini, mutum na iya aron bindigar soja ya biya buƙatarshi, ya ce rugar wane maɓoyar ɓarayi ce. Kuma ko na'ura ba ta wadatar ita kaɗai. A Tudun Biri cikin Igabi, Disambar 2023, jirgi marar matuƙi ya ga taro da dare, aka ɗauka 'yan bindiga ne, ashe masu Mauludi ne, mutum fiye da tamanin suka rasu, rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne. Wanda ya san kalandar mutanen wurin, da an tambaye shi, zai ce watan me ake ciki kuma taron me ake yi. A nan sanin al'ada ke da gurbi a aikin soja, wajen gane abin da ido ya gani.

Hajiya Malama, Daura: Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ke hana ni barci shi ne yadda ake ƙoƙarin maida rikicin nan na Hausa da Fulani, har ana so soja ya zaɓi ɓangare. A ƙasar nan ina za ka sa wuƙa ka raba? Sarautar Katsina tana gidan Sulluɓawa tun Sarki Dikko, ta Daura tana tsohon gidan Hausa, a tsakani kuwa auratayya ce ta ɗaruruwan shekaru. Makiyayin da aka kore wa shanu hamsin shi ma wanda aka zalunta ne, kuma shi ne ya fi kowa sanin inda aka bi da su. In a shingen bincike ana sauke mutum daga mota don rawaninshi ko sandarshi ko kamanninshi, an rasa wannan shaidar, an kuma ba masu daji abin da za su ja hankalin ƙannenshi da shi.

Sai maganar mata. A shinge, mace mai lulluɓi ba za ta yarda namiji ya laluba ta ba, kuma tana da gaskiya. In ba sojan mace ko 'yar sanda a wurin, ko dai a bar kowa ya wuce ba bincike, masu safarar harsashi su gane, ko a tilasta a jawo fitina da gari guda. Matan da aka kuɓutar daga daji ma, akwai abin da ba za su faɗa wa namiji ba har abada. NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi a 2011. Wannan ba kwalliya ba ce, aikin ne ke nema.

Ɗalibi, Dutsin-Ma: Iyayena, tambaya gare ni. Shin kason nan ba ya rage inganci? In ɗan wata jiha ya fi ni maki aka bar shi aka ɗauke ni don gurbin Katsina, ba a cuci rundunar ba?

Tsohon Samanja: Ɗana, ka je filin tantancewa ka gani da idonka. Tun asuba yara ke jere cikin farar singileti da gajeren wando shuɗi, kowa da fayil a hammata. Ma'auni ɗaya ne ga kowace jiha. Shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, mai sana'a irin direba ko makanike ana ɗaga mashi zuwa 26. Tsawo mita 1.68 ga namiji. Sakamakon sakandare da Turanci a ciki, lambar katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma. A sa ka haɗe ƙafa a duba gwiwa ko tana gogar juna, a duba tafin ƙafa ko shimfiɗaɗɗe ne, a duba ido da haƙori da hawan jini, a gwada jini da fitsari don ƙwaya, sannan gudu. Wanda ya faɗi ya faɗi, ko ɗan waye. Kason cewa yake kujerun Katsina 'yan Katsina za su yi takara a kansu, bai ce a ɗauki gurgu ba.

Inda ake cutar rundunar wani wuri ne. Takardar shaidar asali da ake sayar wa wanda bai taɓa kwana a ƙaramar hukumar ba. Rage shekaru, mai talatin ya zo da takardar ashirin, wata uku a Daffo gwiwa ta ƙi. Wasiƙar babban mutum da ke tsallake layi. Da 'yan damfara masu karɓar kuɗi, alhali cike fom ɗin kyauta ne a intanet. Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta. In gurabenta suka ƙare a hannun 'ya'yan birni da masu uwa a gindin murhu, yaron Sabuwa ko Baure bai ga amfanin raba-daidai ba ko kaɗan.

Tsohon Hafsa: Ƙari a kan ta Samanja. Ga hafsoshi tambayar ɗalibin tana da nauyi, kada mu share ta. A NDA ana iya barin mai maki mafi yawa daga jihar da masu nema suka yi cunkoso. Wannan farashi ne, kuma ƙasar ta zaɓi ta biya shi da saninta, don rundunar da rabin ƙasa ke kallo a matsayin ta wasu ba za ta samu labari ko yarda daga wannan rabin ba. Sharaɗin shi ne kason ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan an shiga, shekara biyar na horo ɗaya ne. Jarrabawar laftana zuwa kyaftin, kyaftin zuwa manjo, kwas ɗin kwalejin hafsoshi ta Jaji, rahoton shekara da kwamanda ke rubutawa, duk ba su san jiha ba, bai kuma kamata su sani ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ɗan jihar Kogi ne, a Borno ya yi suna da tankokinshi wajen ƙwato Baga, a Malam Fatori ya rasu a Nuwambar 2016. Ba wanda ya tambayi jiharshi kafin ya bi bayanshi.

Lauya, Ƙofar Ƙaura: Yallaɓai, a nan zan saɓa maka kaɗan. Ka ce ya tsaya a ƙofa, amma a can ƙoli ai yana dawowa. Sashe na 218 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa hafsan hafsoshi da shugabannin rundunonin ƙasa da ruwa da sama, kuma kowane shugaba yana duba taswira kafin ya sa hannu. Misali a gidanmu yake. Bayan kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Obasanjo ya hau, aka ɗauko Shehu 'Yar'aduwa yana laftanar kanar aka yi mashi birgediya ya zama na biyu a gwamnati, ya tsallake na gaba da shi, don a kwantar da hankalin Arewa. Ta ɗaya gefen kuma, bayan Ironsi ba a sake samun ɗan ƙabilar Ibo a kan rundunar sojan ƙasa ba sai Ihejirika a 2010. Mutanen can suna ƙirga waɗannan shekarun, kuma rundunar da kanta tana kokawa da ƙarancin masu neman shiga daga jihohin Kudu maso Gabas.

Tsohon Hafsa: Ban musa ba, Lauya. A matakin manjo janar, waɗanda suka kai nan duk sun ci jarrabawarsu, to in an duba daidaito a tsakanin mutum goma da kowanensu zai iya, ba a yi ɓarna ba. Ɓarnar ita ce a gangara ƙasa sosai don nemo ɗan wani yanki ko ɗan gida. Al'adar soja ce in an naɗa na ƙasa, waɗanda suka riga shi kwas su yi ritaya. Naɗi ɗaya na iya fitar da janar-janar da dama rana guda, kowane an kashe shekara talatin ana gina shi. Na ƙasa kuma suna kallo, suna koyon cewa ziyarar gidan ɗan siyasa ta fi zaman daji riba.

Malamin Tarihi, Ƙofar Soro: Kuma mu 'yan Katsina ya kamata mu fi kowa tsoron sojan da ke magana da sunan yanki. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo ya ce ya cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauci. Jiharmu ba ta cika shekara uku da kafuwa ba a lokacin.

A waje ma darasin a fili yake. Sojan Labanan ya tsage bisa aƙida a 1976, ya sake tsagewa a 1984. A Sudan ta Kudu, Disambar 2013, faɗa ya fara ne a cikin dakarun fadar shugaban ƙasa a Juba tsakanin 'yan ƙabilun Dinka da Nuwer, saboda an haɗa ƙungiyoyin tawaye an sa masu kaki ɗaya ba a narkar da su ba, kowa na bin tsohon ubangidanshi. Burundi kuwa ta bi ta kaso: yarjejeniyar Arusha ta 2000 ta ce kada wata ƙabila ta wuce rabin soja. Amurka ta raba baƙaƙe da farare a runduna har Shugaba Truman ya soke haka a 1948, aka gama gaurayawa a 1954 bayan yaƙin Koriya, kuma sun daɗe suna jayayya kan ko a duba launin fata wajen shiga makarantun hafsoshinsu.

Hajiya Malama, Daura: Malam, ka bar wadda ta fi kusa da mu. A Sudan gwamnati ce ta ɗauki mayaƙan ƙabilu a Darfur ta ba su makami don su taya ta, a 2013 ta maida su rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF, a Afrilun 2023 suka juya mata a cikin Khartum. Shi ya sa maganar 'yan sa-kai ke buƙatar hankali. Jihar nan ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, kuma jama'a na da dalilin son su. Amma a riƙe sharuɗɗa. Rajistar kowane mutum da kowace bindiga. Albashi a kan lokaci. A ɗauki Bahaushe da Bafulatani na yankin duka. Wanda suka kama su miƙa wa 'yan sanda, ba su yanke hukunci a kasuwa ba. In fita za a yi da soja, umarni na kwamandan soja ne.

Tsohon Samanja: Hajiya ta gama magana a nan. Ta addini kuma, tunda wani ya turo mani ita a gefe: soja bai hana kowa ibada ba. Akwai sashen harkokin Musulunci, akwai na Katolika, akwai na sauran coci-coci, limamai da fastoci masu kaki da muƙami. Bariki da masallacinshi da cocinshi. A daji in lokacin salla ya yi, Kirista ke riƙe gadi, ran Lahadi a juya. Iyakar ita ce ba wa'azin siyasa, ba ƙungiyar 'yan gari kaza da ke taro a asirce, ba katin jam'iyya, ba ƙin umarni don wanda ya ba da shi ba addininku ɗaya ba. Wannan kotun soja ce kai tsaye.

Ku kuma tuna boren barikin Maimalari a Mayun 2014, da sojoji suka harbi motar kwamandan runduna ta 7 bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu. Ba a kan ƙabila suka tashi ba. Kukansu kayan aiki ne da yadda ake tura su. An yanke wa wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Harsashi, alawus, abinci, canji a kan lokaci, kula da matar wanda ya rasu kafin a ce ta bar ɗakin bariki. In waɗannan suka yi ƙaranci, sai kowa ya fara neman nashi a sama da zai cece shi.

Ɗan Batsari: To na ji. Har yanzu ina ganin masu jin harshenmu sun yi kaɗan a sansanonin da ke yammacin jihar, kuma wannan a hannun hukuma yake. Tambayata ta ƙarshe ga Lauya. In soja ya ci zarafin mutum a shinge don kamanninshi ko yarenshi, ina talaka zai kai kuka?

Lauya, Ƙofar Ƙaura: Kada ya yi gardama a wurin, mai bindiga ne a gabanshi. Ya riƙe rana da lokaci da sunan shingen, sunan da ke ɗinke a ƙirjin rigar in ya gani, lambar mota, da mutum biyu da suka shaida. In an ji mashi rauni ya je asibiti ranar, a rubuta. Sannan a rubuta koke, a ajiye kwafi, a kai wa kwamandan sansanin ta hannun hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma, don takardar da ta bi ta nan ba ta cika ɓata ba. In ba a ji komai ba, a kai hedikwatar birged a Katsina, rundunar tana da sashen hulɗa da farar hula da teburin kare haƙƙin ɗan Adam. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma tana karɓar irin wannan koke kyauta, kuma babbar kotu na sauraron ƙarar tauye haƙƙi ko da soja ake ƙara. A sa hannun mutum fiye da ɗaya in abin ya shafi gari, kuma a rubuta abin da ya faru kawai, kada a sa zagin ƙabilar sojan a ciki.